Na Kai Ƙarshen Hanyar Malam

Watan nan Malam, maigidana, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadakar abinci, in shiga ɗaki in yi kukana, in fito. Bana kuwa da tsamin cinya da kujewar gwiwa na tarbi ranar, kuma rabona da farin ciki irin wannan har na manta. Ni ɗin nan, tsohuwar shugabar makarantar firamare mai jikoki, na hau keke na bi hanyar Malam ta bakin Kogin Kaduna har ƙarshenta. Ku bar ni in yi fariyata, da guminta na same ta.

Malam ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsari har ya yi yawa. Amma ranar Asabar wani mutum ne daban. Da ya karya kumallo zai ajiye waya a kan tebur, ya tattare ƙafar wando, ya fito da baƙin kekensa mai kariya. Dokarsa ɗaya ce, tayarsa ba ta taka kwalta. Daga bayan gidanmu a Unguwar Rimi yake gangarawa fadama, ya kama wata siririyar turba tsakanin lambuna, ƙasa a shimfiɗe ba hawa ba gangara, ba mota ba babur. Ya bi ta bayan Malali, ya wuce Rafin Guza, sai lambun wani dattijo, Baba Audi, inda kogi ya yi kwana. Sunan Baba Audi na sha shi har na ƙoshi, ban taɓa ganinsa ba. Sai la'asar sakaliya Malam ke dawowa, da alayyafo da rake ɗaure a baya. A lissafina, wanda ya fita da hantsi ya dawo war haka ai ya kusa taɓo Zariya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kadunan yau. Abokan aikinsa da ke masa dariya, tsadar mai ta sa wasunsu sun kakkaɓe kekunan 'ya'yansu. Samari kuma ga su nan garke-garke ranar Asabar, da hular kwano da matsattsun kaya, suna gogayya da motoci a kan titi. Na san zai yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya ce ai sun bar daɗin a baya, daɗin yana ƙasa wajen ruwa.

Maƙwabciyata Rifkatu ce ta tayar da maganar. 'Yar Kudancin Kaduna ce, tare muka yi koyarwa, kuma da keke ta tashi tana kai niƙa a ƙauyensu. Ta shigo mini wata rana ko zama ba ta yi ba.

"Hajiya, ana yanka fadamar nan filoti-filoti. An fara jan katanga gaba da Rafin Guza. In kina son ganin hanyar Malam ɗinki da Baba Audin nan, to bana ne, kafin ruwa ya sauka."

Na ce, "Da wace ƙafar?"

Ta ce, "Da keke mana!"

"Ke Rifkatu, ki ji tsoron Allah. Da girmana?"

"Girman ki bar shi a gida, zai jira ki."

Haka ta samo mini keken mata, wanda ba shi da sanda a tsakiya, ta ja ni filin makaranta. Na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa. Sarƙa ta cinye mini bakin hijabi har sai da na koma sa ɗan guntun hijabi. Birki kuwa, na daɗe ina mantawa da shi, ina neman tsayar da keke da salati. 'Yata ta bugo daga Kano tana tambayar me mutane za su ce, na ce su ce Allah ya kiyaye hanya. Ranar da na zagaye filin ba wanda ya riƙe ni, ihun da na yi sai da mai gadi ya leƙo.

Asabar ɗin tafiya na yi shiri irin na mai barin gari: gorar ruwa, dambun nama, man zafi. Rifkatu ta hau keken Malam, wanda muka sa aka yi wa faci da mai, ni ina biye. Jama'a, ashe haka duniya take a bayan gidana! Da muka gangara, hayaniyar gari ta yanke kamar an rufe ƙofa. Sai kukan injin ban ruwa daga nesa, da ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Balbelu suna tashi a gabanmu, masu yashi suna tura kwale-kwale a tsakiyar kogi, latas da kabeji kore shar har inda ido ya tsaya. Ba mai yi mini oda, ba mai zagina. Na taka feda, iska ta cika mini hijabi, na ji ina dariya ni kaɗai kamar yarinya.

Ba mu yi nisa ba wani mai lambu ya yar da fartanya ya taho da gudu.

"Wannan ai keken Malam ne! Ina mai shi?"

Muka sauka, don ba a gaisawa daga kan sirdi. A nan na gane abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Mutanen nan ba su san gidanmu ba, ba su san ofishinsa ba. Malam mai keke kawai suka sani. Wata Asabar bai zo ba, shi ke nan. Wasu sun ce canjin wurin aiki aka yi masa, wasu sun zaci rasuwa ce amma ba tabbas. Ni ce na fara kawo musu labarin, bayan shekara bakwai.

Daga nan tafiya ta koma tsaye-tsaye. Kowane lambu sai mun sauka, a yi salati, a yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, a shafa fatiha. Kafin hawaye ya bushe an shiga ba ni labarinsa ana ƙyaƙyatawa: yadda ya taɓa zamewa cikin rafi da shi da keke, yadda yake musun farashin tumatir alhali ba saye zai yi ba. Wannan ya ɗaura mana yalo, wancan ya cusa mana karas. Da rana ta take na tambayi wani ko mun ci rabin hanya, sai ya nuna mini wata giginya da baki, ya ce ai ga ƙarshen can. Ashe hanyar ba ta da wani tsawo. Gaisuwa ce ke cinye wa Malam yini, ni ina gida ina tausayin ƙafafunsa.

Mutumin ya rage murya ya ce in bi Baba Audi a hankali, fushi yake. Wai ɗan Baba Audi ya taɓa ganin Malam a gaban mota a Kawo, ya ɗaga masa hannu, Malam bai kula ba. Tun daga nan tsohon ya yanke cewa Malam ya sayi mota ya raina su, ya hana a ambaci sunansa a lambunsa. Ni kuwa na san motar. Ta ƙanen Malam ce, da ita muke kai shi asibiti a watanninsa na ƙarshe, lokacin da ko ni sai na matso yake gane ni.

Katangar kuwa gaskiya ce, bulo ya kai ƙugu, saura 'yar kafa da magina ke wucewa. Muka tura kekuna ta ciki da ƙyar. Ga kwanar kogi, ga giginya, ga wani tsoho siriri yana gyaran kwamin albasa. Ya dubi keken, ya kau da kai.

"In shi ya aiko ku, ku ce masa mun gode. Allah ya sanya alheri a mota."

Na ce, "Baba, ni ce iyalinsa. Malam bai taɓa mallakar mota ba. Ciwo ne ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa shekara bakwai ke nan. Har ya bar duniya yana cewa in ya samu sauƙi wurinka zai fara zuwa."

Tsohon ya juyo ya sake duban keken. Sannan ya zauna a ƙasa, cikin laka, bai ko duba ba.

Na san katangar nan za ta haɗe, kuma mai yiwuwa baɗi ba keken da zai kai giginyar. Ban ji daɗin haka ba, ina kuma roƙon masu iko su bar wa mutane ko da faɗin taya biyu ne a bakin ruwa. Amma na daina tunanin turbar ce abin da Malam ya bari. Ya bar mutanen da ba su san matsayinsa ba, ba su taɓa neman komai a wurinsa ba, suka riƙe shi a rai har ɗayansu ya iya yin fushin shekara bakwai da shi. Ba a yin irin wannan fushin da bare.

Da Baba Audi ya ɗago, fuskarsa sharkaf, sai ya goge laka a jikin rigarsa ya buɗe tafukan hannu.

"Hajiya, ke da 'yar'uwarki ku zauna. Duk wanda na sani ya mutu na yi masa addu'a, ban da shi. Ku ce amin, kada ku gaji, yau za mu daɗe."