Jan Ɗigo a Gonar Baba

A shekarun da na yi ina aiki a Garwa, sana'ata kallon wuta ce. In na faɗi haka a gidan biki sai mata su kwashe da dariya, ni kuwa in ƙyale su. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne da fanka mai ƙugi. Ana turo mana hotuna daga wasu ƙananan taurarin ɗan'adam, kowanne wai bai fi akwatin lefe girma ba, ɗauke da kyamara mai jin zafi. Duk inda ƙasa ta ɗau zafi fiye da ƙima, sai jan ɗigo ya fito a taswira, in kira masu kula da dajin yankin. Da kaka taswirar kamar mai ƙyanda take zama: makiyaya na ƙona tsohuwar ciyawa, masu farautar gafiya na tasu ɓarnar. Akwai wani ɗigo a wajen Figil, inda ake gasa dutse a yi siminti, wanda ko kallo bai ishe ni ba.

Wata rana bayan azahar ɗigo ya fito a gefen Mayo-Ulo, a kwarin da ke bayan dutse. Na san kwarin nan kamar yunwar cikina, gonar mahaifina ce. Baba ɗan kasuwa ne jikan 'yan kasuwa, ya ƙare ƙuruciyarsa a shagon atamfa, sai da furfura ta cika masa kai ya ce shi noma zai yi. Ya bar Inna a Garwa ya koma ƙauye wajen ƙaninsa. A lokacin an yanke dawa an tara, kuma na san halinsa: muddin dawa na gona, a rumfar gefenta yake wuni, ga ciwon gwiwa, ga kunne mai nauyi.

Na kira wayarsa, a kashe. Na kira ƙanin nasa, Baffa.

Ya ɗauka da murya a sake. Ya tambayi aiki, ya tambayi maigidana, ya tambayi zafin Garwa. Ina amsawa ina kallon ɗigon.

"Baffa, akwai wuta a wajenku?"

"Wuta kuma? Ai kaka ce, 'yata, ina ne babu hayaƙi? Jam ne. Lafiya lau muke."

"Baba fa?"

"Yana nan."

"A ba ni shi."

"Ya ɗan kishingiɗa."

Nan na san ba lafiya ba. A danginmu ba a gaya wa na nesa mugun labari. Wai kada a tayar masa da hankali a kan abin da hannunsa bai kai ba. Ranar da kakarmu ta rasu, cewa aka yi da ɗanta na Kuseri jikin ya ɗan matsa, bawan Allah ya iso da ledar lemo ya tarar ana zaman makoki. Na taso ina ganin wannan ladabi ne. Ranar kam haushi ya ba ni.

Na gaya wa shugabana, ya ba ni mota da direba. Ban kira Inna ba. Muna hanya abokin aikina ya bugo: wani tauraron ya wuce, ɗigon ya zama layi, iska na kora shi wajen rafi. Rumfar Baba tsakanin tarin dawa da rafin take. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jan ɗigo ba ya gaya maka ko da mutum a cikinsa. Na sake kiran Baffa, bai ɗauka ba. Da muka sauka daga kwalta direba ya ce in yi ta salati, na ce masa shi dai ya taka mota.

Ƙaurin ne ya fara tarar mu, irin na tumu in ya wuce wuta. Kwarin ya koma baƙi ƙirin. Inda tarin dawa yake sai tudun toka mai hayaƙi, mata na tonawa da sanduna ko za su sami abin tsinta. Babu rumfa, sai guntayen dirkoki.

Baffa ya taro mu a ƙofar gida, riga duk gawayi, ya soma, "Sannunku da hanya, ya gajiyar..."

"Baffa, ina ubana?"

Ban taɓa katse shi ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai ya nuna mini ɗaki.

Baba na kwance a tabarma, ƙafafunsa biyu daga gwiwa zuwa ƙasa a saluɓe, an lulluɓe su da gashin zomo. Yana numfashi. Na durƙusa, kuka ya ƙwace mini. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi ƙaninsa.

"Wa ya gaya mata?"

"Wallahi, Yaya, ba ni ba ne," in ji Baffa. Ya juyo gare ni. "Da ya ɗan warware za mu sanar da ku. Innarki na da hawan jini. In muka kai shi asibitin Garwa, ai ta ji."

Muka ciccibi Baba muka sa a mota.

Mun yi nisa, kansa na cinyata, ina tsammanin ya suma, sai na ji ya yi magana a hankali.

"Abin nan naku na sama, yana ganin mutum?"

"A'a, Baba. Zafi kawai yake gani."

Can ya ce, "To, alhamdu lillahi. Da rarrafe na fita, na bar dawar. Ba na so a ce kin ga haka."

Ya rayu, amma bai sake taka ƙafarsa da kyau ba. Sauran kwanakinsa a zauren gidanmu na Garwa ya yi su, kuma ko sau ɗaya ban ji ya tambayi gonar ba.