Alhamis Biyu a Muryar Auta

A gidanmu na Gaya, Alhamis tsakanin magariba da lisha lokacin Baba ne. Farken gishirin Fogha ne, wani zubin ya kai Kamba da jakunansa, wani zubin ya sa kaya a jirgi ya haye Dahome, amma ko ina ya je sai ya san yadda ya yi ya dawo kafin ranar Alhamis ta faɗi. Inna takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta soya masar shinkafa ta sadaka ta rufe da faifai. Mu huɗu mu zauna gabansa: yayyena maza biyu, ni, da ƙanwarmu Auta. Kowa ya kawo surar da ya iya, daga ƙarami zuwa babba, sannan Baba ya ba mu labarin wani annabi, ya yi addu'a mu shafa, a buɗe faifan masa.

Auta ba ta cika shekara biyar ba, sura ɗaya ta iya, ita ma da ƙyar. Amma murya gare ta kamar mai tallar kifi a bakin ruwa. Takan ɗaga kai ta rangaɗa, in ta kai tsakiya numfashi ya ƙare sai ta tsaya ta ce, "Baba, masa hwa?" Kullum a wuri ɗaya. Bayan dangarmu gidan wani gardi ne, ɗan sandan kumandan Nasara. Matarsa ba ta da ɗa, sai ta mai da karatun Auta abin jiranta na mako. Da ta ji an ambaci masa sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ɗaga murya, "Malam, a ba ɗiyata masa mana!" Mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba, amma mijinta bindigar Nasara yake ratayawa.

Ni kuwa a lokacin bakina ne bala'ina. Babu wanda ban iya kwaikwayo ba: ladan, mai tallar fura, tafinta da hancinsa a sama. Na sha bulala wurin Baba a kan haka. Cewa yake yarinyar kirki ba ta ɗaukar muryar da Allah bai ba ta ba.

A bazarar da agana ta shigo gari aka yi shela da ganga: duk gidan da ke da mai ciwon ya faɗa. In an faɗa, gardi su zo su ɗauke shi zuwa wasu bukkokin kara can bayan gari, su ƙone shimfiɗarsa, uwa kuma sai dai ta ajiye abinci daga nesa ta juyo. Wasu sun dawo da fuska duk tabo. Da yawa ba su dawo ba, ko kabarin ba a nuna wa iyayensu ba. Mu uku muna da lambar rigakafi a dantse, an tare mu a kasuwa an yi mana tun bara. Auta ba ta da ita, domin ranar Inna ta cusa ta cikin rumbu, wai ta yi ƙanƙanta da wuƙar likita.

Ran Lahadi zazzaɓi ya kama Auta. Ran Laraba ƙuraje suka feso mata a goshi da tafin hannu. Inna ta share ɗakin da Baba ke ajiye gishiri, can ƙarshen gida, ta kwantar da ita a bayan kaya. Abu ɗaya suke so, ita da Baba: ko rayuwa ko mutuwa, ta same ta a hannun uwarta.

Ina tuƙa tuwo na ji suna magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, mu ce ta tahi Tanda wurin kakarta," in ji Inna.

"Kowa haka shike hwaɗi. Irin gidajen ga aka soma bincikewa."

"To a bar karatun gobe."

"Yaushe muka taɓa bari? Shirun shi za ya kira su."

Sai ya kira ni. Bai dube ni ba, tasbaharsa yake kallo. Ya ce, "Ke, kin iya muryar ƙanwarki?" Na ɗauka tarkon duka ne. Da ya sake tambaya na ce na iya. Mutumin da ya karya tsumagiya nawa a jikina don wannan hali, shi ne ya zaunar da ni ya ce in gwada ya ji.

Alhamis ta zo, aka shimfiɗa tabarma. Na ɗaga kai na rangaɗa, na tsaya daidai inda take tsayawa, na tambayi masa. Daga bayan danga dariya ta tashi, "Malam, a ba ɗiyata masa mana!" Baba ya sauke numfashi. Sannan na mai da muryata na kawo tawa surar. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne daɗin da na ji. Raina fes, na ci masa biyu, tawa da tata, ina ganin na yi gwaninta.

Makon ya yi tsawo. An hana mu kusantar ɗakin, Inna kaɗai ke shiga da kunu ta fito da shi kusan yadda ta shiga. Warin ciwon ya gauraye da na gishiri, ta riƙa turara bawon itace a ƙofar. Sau biyu matar gardi ta leƙo ta kan danga tana tambayar ɗiyarta, Inna ta ce barci take, zafin rana ya sa ta lalaci.

Alhamis ta biyu Inna ta soya masa, ta rufe, ta koma ɗakin gishiri ba ta zauna da mu ba. Baba ya yi mini alama da kai, na soma. Wannan karon ma na fi na farko iyawa, har da ɗan tarin da Auta kan yi. Aka yi dariya a bayan danga, aka roƙa mata masa. Baba ya ba da labari, ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sai da aka kira lisha Inna ta fito, ta tsaya bayansa ta ce, "Malam, ta cika."

An rufe ta da safe, aka ce wa mutane zazzaɓi ne. Wata tsohuwar dangin Baba ta yi mata wanka, ta kama bakinta. Ba a ƙone mana ko tsumma ba. Abin da suka nema sun samu, a cinyar Inna ta mutu. Matar gardi ta zo gaisuwa tana kuka, tana ta faɗin jiya-jiyan nan ta ji karatunta garau.

Baba bai fasa zaman Alhamis ba, sai dai yanzu da ni ake farawa. Inna kuwa ta daina magana sai ta dole. Bayan sadakar arba'in, wata Alhamis da la'asar na same ta gaban tanda tana zuba ƙullu, ido ya faɗa. Wautar yarinta ta ce mini ina da maganin abin. Na matsa kusa, na ɗauko muryar na ce, "Masa hwa?"

Ba ta doke ni ba, da ma ta yi. Ta juya masa ɗaya, ta juya ta biyu, sannan ta ce, "Ranar da ta cika, ta ji ki. Ta buɗe ido ta ce, 'Inna, kun samu wata Auta?' Na ce a'a, babu wata. Ba ta yarda ba, tunda ga ta nan tana ji ana roƙa mata masa."

Ta ci gaba da suyarta. Ni kuma na ɗauki tabarma na je na shimfiɗa, don rana ta kusa faɗuwa, kuma ni ce zan fara.