Bukkar Kara a Fadamar Albasa

Tun daminar bara ban ƙara kwana cikin ɗaki ba. An yi kwanaki ana ruwa a Bodinga, ran nan da hantsi ina ninke kaya a ɗakin Inna sai na ji azara ta yi ƙara kamar an karya rake. Abin da na sani bayan wannan shi ne ƙasa a bakina, da muryoyin maƙwabta can sama suna tono. Ban karye ba, ƙafa ce kawai ta kumbura. An sake ginin, an yi sabon rufi, amma duk sa'ad da na kai bakin ƙofa sai in kasa shiga, in juya. Na koma kwana tsakar gida, sanyi ya zo ya same ni nan, ya wuce ya bar ni. Na sha rubutu har na gaji. Kowa a gidan ya san damina za ta dawo, kuma tsakar gida ba za ta kwantu ba, sai dai ba mai faɗa.

Da aka fara cirar albasa sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Mandera. Kowace shekara ita da 'ya'yanta maza sukan tare a fadama har a gama aiki, suna cira tana yi musu girki. Ta ce wa Baba ya ara mata ni, wai bayanta ya fara ciwo. Ban ga alamar ciwon ba, don da muka sauka daga mota ita ta riga ni tafiya.

Da yamma muka isa. Ban taɓa ganin wuri mai faɗi haka ba. Kore shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ruwa na bin ƙananan hanyoyi tsakanin fangali yana ɗauke da jan rana, ga tafki can gefe cike da bado, balbelu na sauka kan giginya ɗaya bayan ɗaya kamar ana shanya fararen kaya. Iska duk warin albasa da danyar ƙasa. Da aka kashe injin ban ruwa sai shiru ya sauko, har ina jin numfashina. Na daɗe a tsaye ina kallon sama, babu komai tsakanina da ita.

Ba na tuna kwanakin nan a jere. Ina tuna tururin koko da asuba yana haɗuwa da hazon tafki, da sanyin ruwa a idon sawuna, da tulin albasa ja yana ƙyalli kamar tagulla. A fili nake kwana, kan tabarma, gefen bukkar Gwaggo. Ba ta taɓa cewa in shiga ba.

Wata safiya ta nuna mini shamuwa ta gifta ta yi gabas. Na san damina ce ke biye da ita. Sai Gwaggo ta jibge mini karan dawa da zana da igiyar kaba, ta ce tana son inuwar ajiye tukwane, kuma mazan ba su da lokaci. Na kafa dirkoki, na ɗaure tanka yadda ta nuna mini, tana zaune tana yi mini tsiya wai 'yar boko ta iya riƙe biro amma ƙulli ya gagare ta. Da na gama jinkar, ta ce in ɗora ta ni kaɗai. Na yunƙura da dukan ƙarfina, saura kaɗan in faɗi ta baya, don ba ta fi faifai biyu nauyi ba.

"Kin jiya, ɗiyata?" in ji ta. "Wagga in ta faɗo miki, atishawa kaɗai za ki yi."

Tukwanen ba su taɓa shiga ba. Ni na fara zama bakin bukkar, sannan na tura ƙafafuna ciki. Wata azahar zafi ya yi yawa, na shige gaba ɗaya. Na kwanta ina kallon rana tana ɗigowa ta ramukan zana, tana yawo a hannuna, ban san sa'ad da barci ya ɗauke ni ba.

Guguwa ce ta tashe ni. Na ji ƙarar kara, na ji abu ya rufto a kaina, na ƙwalla ihu da muryar ranar nan, na rufe ido ina jiran ƙasa. Ƙasa ba ta zo ba. Ciyawa ce a fuskata, da haske ta ko'ina. Na sa hannu ɗaya na ture jinkar gefe. Gwaggo na tsaye da ludayi, idonta ya cika da hawaye, amma bakinta cewa ya yi daman ta faɗa mini ƙullina bai da kyau. Sai kuwa na yi atishawa.

A ranar na sake ɗaurawa, da kyau wannan karon, kuma a ciki na ƙarasa kwanakina.

Yanzu na dawo gida, hadari ya fara haɗuwa da yamma. Har yau in kwano ya faɗi sai na zabura. Na roƙi Baba ya bar ni in hau tsani in taɓa sabbin azarun ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe mini, bai tambaye ni dalili ba. Jiya da azahar na shimfiɗa tabarmata daga cikin ƙofa, kaina a waje, na yi barci har la'asar.