Baƙon Kumasi Mai Lamba Tara

A shekarar da kulob ɗinmu ya ɗauko sabon ɗan wasan gaba daga Kumasi, ban daɗe da aure ba. Muna zaune a Zongon Lome, ina sayar da atamfa a wata 'yar rumfa a kasuwar Adawlato. Maigidana dillalin tayoyin mota ne, amma a unguwa an fi saninsa da ƙwallo, don yana cikin shugabannin magoya bayan kulob. Shi ya je fatauci Gana ya ga yaron yana wasa, ya dawo ya hana kowa sakat. Ya ce idan aka kawo shi, an gama da zancen rashin cin ƙwallo da ya addabe su tun bara.

Aka kawo shi. Kulob bai tanadi masauki ba, sai maigida ya buɗe masa ɗakin da ke bakin zaurenmu, ko shawara bai yi da ni ba. Na dawo daga kasuwa na tarar da ƙofar gida cike da maza, har kan katanga. Sai da na ɗora kayana a ka na kutsa.

Yaron dogo ne siriri, ba ya son magana. Hausarsa ta Kumasi ce, Faransanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Yaya, ko da yake na tabbata ya girme ni.

Kwana biyu da zuwansa aka rufe iyakar Aflao, wadda ke tsakaninmu da Gana. A wancan zamani ba a tambayar dalili. Jam'iyya ɗaya ce, rediyo ɗaya, wanda ya ji ya ja bakinsa. Abin da ya dami unguwa shi ne takardar sallamarsa daga tsohon kulob ɗinsa ta maƙale a can hayi, kuma idan babu ita ba zai buga wasa ba.

Daga nan zaman ya ƙi daɗi. Kullum bayan la'asar mutane sai su taru a ƙofarmu, su ba su shiga ba, su ba su tafi ba. Samarin da suka yi makarantar Faransanci suna musu rabi Hausa rabi Faransanci, dattawa suna kan benci suna jan carbi, kunnensu yana wajen musun. Wani tela ya ɗinka riga mai lamba tara ya rataye a shagonsa. Wani mahauci maƙwabcinmu ya ce shi ya bi yaron bakin teku da safe inda yake gudu, ya ga yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ya ce 'yan Gana ba sa sakin doki mai lafiya. Kafin magariba maganar ta kai unguwar Bè-Kpota ta dawo, ta zama wai ƙarfe ne a gwiwarsa. Wasu suka ce shekarunsa sun fi abin da aka faɗa. Wasu suka ce ai ko da ƙafa ɗaya ya fi waɗanda muke da su.

Maigida ya rame. Ya tashi ya zauna, ya fita ya dawo, ya kunna rediyo ya kashe. Idan na ajiye masa tuwo sai ya ci loma biyu ya ce bari ya je ya ji ko an buɗe iyaka. Ya daina sayen nama wajen mahaucin, ni ma ya hana ni, sai na riƙa zagayawa har wata unguwa. A kasuwa kuma matan ƙabilar Mina da muke rumfa ɗaya suka dame ni, wai mazajensu sun aiko a tambaye ni me yake ci, yana barci da kyau, da gaske ne maganar gwiwa.

Ni da nake kai masa abinci na san ba gwiwa ke damunsa ba. Wata rana na tarar da wake da shinkafar da na kai masa da rana ko taɓawa bai yi ba. Na tambaye shi ko yaji ya yi yawa.

Ya ce, "Yaya, na bar matata da tsohon ciki. Na ce mata zan riƙa leƙowa. Yanzu ko ta sauka ko ba ta sauka ba, ban sani ba."

Na faɗa wa maigida. Ya roƙe ni kada maganar ta fita, don kada a ce hankalin yaron ba ya kan ƙwallo.

Takardar ta iso ta hannun wani direba da ya zagayo ta arewa. Unguwa ta ɗauki murna, aka sa wasa ranar Lahadi. Sai kuma aka ɗage wasan, saboda ana bukatar filin don rawar jam'iyya, kuma rabin samarinmu suna cikin masu rawar. Suka je suka yi ta rawa da waƙa a rana, suka dawo suna huci suna tsaki.

Da Lahadi ta gaba ta zo ban je fili ba, mata irina ba sa zuwa. Daga tsakar gida na gane sakamakon, don na ji sawun mutane suna dawowa babu ganga. An tashi babu ci. An ce sau ɗaya yaron ya sa kai ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo. Mahaucin ya tsaya a ƙofarmu yana cewa ai ya faɗa. Maigida ya fito zai yi kansa, limamin masallacinmu ya riƙe shi. Tela ya sauke rigar daga shago.

Mako na gaba yaron ya ci biyu. Na ji gangar tun daga babban titi. Na leƙa ta zaure, sai ga shi a wuyan mutane, kuma wanda ya saɓa ƙafarsa ta hagu a kafaɗa mahaucin ne, yana gumi yana waƙa. Washegari ya aiko mana da ƙafar saniya, ya ce a yi wa baƙo farfesu.

Ba a daɗe ba aka buɗe iyaka. Saura kwanaki kaɗan a yi babban wasa da abokan hamayyarmu, yaron ya ce zai je gida ya dawo. Shugabannin kulob suka taru a zaurenmu suna lallashi, wasu suna barazana. Maigida ne ya ce a bar shi, ya kuma raka shi har Aflao.

Ranar wasa ta zo bai dawo ba. Tun safe maigida da wasu samari suke tsaye a bakin iyaka suna duba fuskar duk wanda ya ƙetaro. Aka ci mu ɗaya. A ranar babu wanda ya zo ƙofarmu, ko mai zagi. Maigida ya daina zuwa masallacin unguwa, ya koma sallah a ɗaki.

Sai da mako ya zagayo, ina shanya wanki, na ji sallama. Yaron ne, da buhu a ka, a bayansa matarsa goye da jaririya. Ya ce haihuwar ta zo da wahala, ba zai iya barinta a can ba, shi ya sa ya jira ta ji ƙarfi. Maigida ya fito ya tsaya yana kallonsu. Can ya ce mini, "Ki kwashe kayanki daga ɗakin ajiya, ki share musu."

Unguwa ta yi fushi da shi har zuwa Lahadi. Ni ban bi ta kansu ba, ruwan wankan mai jego nake dafawa. Shekara biyu suka yi tare da mu kafin wani kulob a Abijan ya ɗauke shi, kuma a tsakar gidanmu 'yar tasu ta fara tafiya.