Antibairos Uku a Kwamfuta Ɗaya

Lokacin da nake sana'ar ɗaukar hoto a Batsari, shagona bai fi ɗakin ajiye buhuna ba: shuɗin labule a bango don masu fasfo, firinta, sai wata tsohuwar kwamfuta da na saya ta hannu. A cikinta nake tara hotunan suna da biki da walimar sauka. Ranar kasuwa mutanen Wagini da Karare kan cika min shago, kowa da memorin wayarsa, wannan a wanke masa hoton ɗansa, wancan a tura masa wa'azi. Ni kuwa in karɓa in soka.

Wata safiya na kunna ta, sai na tarar duk foldodin hotuna sun koma wasu 'yan alamu masu kibiya. In ka danna, su ƙifta, shi ke nan. Maƙwabcina mai cajin waya ya leƙo ya ce bairos ne, magani ɗaya ne kawai, a goge komai a sake sabon lale. Ya faɗa hankali kwance, tun da ba hotunansa ba ne.

A makon nan ne kuma wani dattijo makiyayi daga wajen Darini ya zo. Abokin mahaifina ne, Baffa nake ce masa. Da daminar da ta wuce ya kai ni har ruga na ɗauki hoton shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce in adana sai ya sayar da wake a wanke masa hotunan. Kafin ya sayar, ɓarayi suka kore masa fiye da rabin garke. Bayan mun daɗe muna gaisawa, ya ce an aiko masa cewa an ƙwato wasu shanu an tsare su a Safana, amma ba a ba kowa sai da shaida.

Na yi ta kame-kame, daga baya na ce masa na'urar ce ba ta da lafiya.

Ya dubi kwamfutar, ya dube ni, ya ce, "To ɗana, a nemo mata magani. Ni dai shanuna suna ciki."

Washegari na naɗe ta a bargo, na ɗaure a bayan babur, na nufi Safana wurin mijin yayata. Malamin makaranta ne, kuma duk danginmu in waya ta rikice shi ake kai wa. Da ya ji ba ni da antibairos, wato manhajar da ke gadin kwamfuta daga bairos, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira yayata ta zo ta ga mutumin da ke kwana da ƙofa a buɗe. Na haɗiye, mai nema ba ya fushi.

Ya shiga intanet ya fara sauko da wani antibairos na kyauta. Sabis ɗin gidansu kuwa sai ka tsaya a bakin rijiya ka ɗaga waya sama, don haka ni ne na zama turke, hannu a sama cikin rana, shi yana inuwa yana ce min in ɗan matsa gabas. Da wannan ya sauka, sai ya ce ɗaya ba ya isa, gida biyu maganin gobara. Ya ƙara na biyu. Muna cikin haka wani jan rubutu ya faɗo a fuskar kwamfutar yana walƙiya, wai an gano ƙwayoyin cuta barjat, a danna nan a tsira. Na ce, "Yaya, anya wannan ba tarko ba ne?" Ya ce ai wannan shi ne na ƙwarai, tun da bai ma shigo ba ya hango cutar. Ya danna, na uku ya shigo.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kwamfutar da a da take tafiyar jaki ta koma tafiyar hawainiya. Antibairos na farko ya ce na biyu ɓarawo ne, na biyu ya kama manhajar firinta ya kulle, na ukun kuwa ya ce ba zai taɓa komai ba sai an biya shi da katin banki. Yana jiran biya yana buɗe tallace-tallace, har ya watso wani hoto na rashin ɗa'a daidai lokacin da yayata ta sunkuyo ajiye mana fura. Ta yi salati ta juya, ta ce a fitar mata da wannan abu daga gida. Mijinta ko a jikinsa, wai alama ce suna aiki, in ba su lokaci.

Na dawo Batsari na ba su lokaci. Ko fasfo ɗaya ban iya wankewa ba. Kowa ya shigo da shawararsa: wani ya ce na kuɗi ne kawai ke aiki, wani ya ce masu sayar da maganin su ke ƙera cutar, wani ya miƙo min filash wai akwai na huɗu a ciki wanda ya fi su duka. Baffa kuma bai sake tambayata ba. Zuwa yake ya zauna a benci, sandarsa a gicciye bisa cinya, ya gaishe ni, ba ya tashi sai la'asar. Da ma faɗa ya yi min, da ya fi min sauƙi.

Na gaji na ɗauke ta zuwa Katsina, wurin wata mata mai gyaran kwamfuta da aka kwatanta min. Ta jira kwamfutar ta kunnu har ta gama cin abincinta. Da ta ga abin da ke ciki, ta ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle uku, kuma na ukun shi kansa cuta ne da ya sa rigar likita. Ta tambaye ni aikin da nake yi da ita, da yadda sabis yake a wurinmu, da su wa ke soka mata memori. Sannan ta cire su duka, ta sa guda ɗaya mara nauyi wanda tsohuwar na'ura za ta iya ɗauka. Ta ce in riƙa sabunta shi duk sanda na samu sabis, kada in buɗe memorin kowa sai ya bincika shi, ko da na limamin unguwa ne, kuma in sayi wani ma'aji daban in riƙa kwafe hotuna.

Ashe bairos ɗin farko ɓoye hotunan kawai ya yi. Da ta fito da su, shanun Baffa suka jeru a fuskar kwamfutar, sai da na sauke ajiyar zuciya. Amma folda guda ta tafi har abada, a cikin kokawar masu gadin nan aka share ta: hotunan bikin wasu mutanen Karare.

Baffa ya tafi Safana da hotunansa a aljihun riga. Saniya ɗaya ya samu da maraƙinta, sauran ba su cikin waɗanda aka ƙwato. Ya ce tana jin muryarsa ta ɗago kai, amma hoton ne ya sa aka sakar masa igiya. Ya aiko min da ƙwaryar man shanu.

Mutanen Karare kuwa ba su karɓi wani bayani na bairos ba. Uwar amarya ta zo da kanta ta wanke ni tas a gaban 'yan kasuwa. A ƙarshe muka daidaita kan in je in sake ɗauka. Aka fito da kayan biki daga akwati, aka tara ƙawayen da suka samu zuwa, ango ya ari babbar riga domin tasa ya ba ƙaninsa. Amarya a lokacin cikinta ya fito sosai, sai aka tsayar da ita a bayan kujera, uwar tana gefena tana gargaɗina kada in kuskura in ɗauko daga ƙirji zuwa ƙasa.