Ni Hannunsa, Usman Likitansa

Jiya na tsinci kwalin maganin Baba a aljihun tsohuwar jallabiyarsa, har yanzu tana ƙamshin gahawa da citta.

Da ciwon daji ya kama shi, ni nake barin gona in kai shi asibiti a birnin Madani daga garinmu Hajj Abdalla, ni nake yi masa wanka. Ƙanena Usman, likita a ƙasar waje, sai dai waya. Wata rana ya ce, "Baba, kowace ƙwayar jiki ta san lokacin mutuwarta. Na ciwon nan sun manta, maganin tuna musu yake yi."

Shi ke nan, duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya maimaita masa, fuskarsa na haske. "Usman ɗina ya faɗa!"

Ran nan ina matsa masa ƙafa na kasa daurewa. "Baba, ni fa?"

Ya dafa kaina da tafinsa mai zafi. "Kai ai hannuna ne. Ina yi wa hannuna godiya?"

Na yi murmushi, amma har yau sunana na so in ji a bakinsa gaban mutane.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya wanke min zuciya game da ɗan'uwana.