Gidan da Kaka Ya Zo da Shi daga Adar

Mun tashi daga Gusau tun assalatu, ni da kawuna, a jirgin ƙasa mai zuwa Ƙaura Namoda. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, gonaki suna ta wucewa ta taga har gyangyaɗi ya ɗauke ni. A Ƙaura muka karya da hoce mai zafi, sannan muka shiga tsohuwar Landirobar Shinkafi, wadda sai an tura ta take tuna cewa ita mota ce.

Gidan gonar kakanmu muka nufa, can bayan Badarawa. Dangi sun yanke a rushe shi a ƙara filin noma, aka aike mu mu gaya wa Inna, yayar kawu, wadda ita kaɗai ta rage a ciki.

Kaka magini ne, mutumin Adar ta ƙasar Nijar. Yunwa ce ta koro shi da matarsa da jaki ɗaya. Mai gari ya ba shi daji, ya sare, ya yi tubali da hannunsa.

Da la'asar muka hango soron, jajawur a tsakiyar dawa, hasbiyoyi suna kewaya shi. Ciki sanyi kamar bakin randa. Azarar giginya ta yi baƙi, sawun yatsun kaka yana nan a jikin yaɓe. Bangon gabas kuwa ya tsage.

Inna ta dama mana fura. Kawu ya yi ta gyaran murya.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji ta. "Amma ku ji. Baba ya ce mani rairayi ya cinye ƙauyensu, ko kushewa ba a gani. Wanga gida, kamannin gidan ubanai ya yi mai, har inda ƙofa take kallo. Shi ɗai ya rage na garin nan."

Washegari na tarar kawu ya naɗe wando yana kwaɓa ƙasa, muka wuni liƙe tsagar.

Ta Zurmi muka biyo a motar gyaɗa. Da dangi suka taru, kawu ya ce, "Ni na kasa. Mai son a rushe, ya je ya faɗa mata da bakinsa."

Tafiyar nan ta nuna mini cewa ashe muna da gari, a cikin soro ɗaya. Har yau ba wanda ya je ya faɗa wa Inna.